Ba Bashi Yau, Sai Gobe

A bangon shagon da muke sayen kayan masarufi a unguwarmu akwai wani rubutu na jan fenti da ya fara koɗewa: "Ba bashi yau, sai gobe." Tun ana aikena sayen sukari da ashana nake ganinsa. Wata rana, da yarinta, na ɗauki maganar da gaske, na koma washegari na ce wa mai shagon ai yau ce goben. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya nuna mini bangon da bakin biro, ya ce in sake karantawa. Na karanta. Goben tana nan daram, ta ƙara matsawa gaba da kwana ɗaya.

Duk da rubutun nan Alhaji mai shagon yana ba da bashi, domin unguwa ba ta zaunuwa sai da shi. Yana da wani dogon littafi mai baƙin bango da yake ajiyewa ƙarƙashin kanta, gefen takardunsa duk sun sha manja. A ciki za ka ga irin wannan: mai shayi, madara katan ɗaya, zai kawo jibi. Gidan mai faci, shinkafa kwano biyu, ƙarshen wata. Tela, sabulu da omo, bayan Sallah. Shekara da shekaru littafin yana aiki, saboda rabin lissafin yana kan takarda, rabin yana kan Alhaji. Shi ya san wane jibi ake nufi.

Da ido ya fara rauni, ɗansa da ya gama makaranta ya ce a bar wahalar nan, a zuba komai a kwamfuta. Ina zaune a kan benci ranar da suka fara. Yaron ya buɗe shafin farko, ya shigar da suna da kaya da kuɗi, ya iso gurbin kwanan wata, sai ya tsaya.

"Baba, wannan jibin na wace rana ne?"

Alhaji ya karɓi littafin, ya matso da shi kusa da fuska, ya juya shafi baya, ya dawo gaba. Can ya ce, "Ai lokacin da aka yi ruwan nan mai ƙanƙara ne."

"To, wace rana ke nan, Baba?"

Shiru. Jibin da ke kan takardar ya rasa ubansa. Ranar da aka rubuta shi kowa ya san inda ya dosa, amma da ranar ta wuce ba a ɗaure shi da komai ba, sai ya zama kamar akuyar da ta tsinke igiya.

Wannan tambayar ta yaron tsohuwa ce ƙwarai. Malaman tarihi sun ruwaito cewa an kawo wa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, wata takardar bashi da aka rubuta za a biya a watan Sha'aban, sai ya tambaya wane Sha'aban ake nufi, wanda ya wuce, ko wanda ake ciki, ko mai zuwa. Irin wannan ruɗani na cikin abin da ya sa aka zauna shawara, kimanin shekara 17 bayan Hijira, aka tsayar da ƙidayar shekaru daga ƙaurar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zuwa Madina. Ashe kalandar da muke duba azumi da Sallah da ita tana da dangantaka da takardar bashi.

Yaron ya yi ta tambaya, Alhaji yana kirdado, har suka cike abin da ya cike. Bashin da ake karɓa daga ranar kuwa, yaron ya ce ya samo dabara. A jadawalin Excel akwai wani umarni, =TODAY(), wanda idan ka sa shi a gurbi zai rubuto maka kwanan watan ranar ba sai ka duba kalanda ba. Ya riƙa sa shi gaban kowane sabon bashi. Bayan mako uku Alhaji ya ce a duba masa wanda ya fi daɗewa bai biya ba. Aka buɗe. Kowane bashi, daga na farko har na ƙarshe, yana ɗauke da kwanan watan ranar da aka buɗe ɗin.

Alhaji ya ce, "Kai, mai shayin da ya kwana ashirin da kuɗina ta ce yau ya karɓa?" Ya waiga ya dubi bangon shagonsa. "Ashe ita ma ta karanta rubutun nan."

Laifin na yaron ne, kuma kuskure ne da masu koyo da yawa suke yi. Umarnin nan ba ya rubuta rana ya bar ta. Duk sanda aka buɗe jadawalin sai ya sake tambayar agogon kwamfuta yau nawa ga wata, ya goge na jiya. Wanda ke son ranar ta zauna inda aka ajiye ta, maɓallin Ctrl zai danna haɗe da na alamar ";". Sai ranar ta fito ta kafe kamar an rubuta da tawada. Shi wancan umarnin yana da wurinsa: a gurbin da ake son sanin kwana nawa bashi ya yi, inda za a ɗebe ranar karɓa daga ranar yau, can ake son "yau" mai tafiya. Yaron ya ɗauki mai tafiya ya sa shi gadi.

Kafin a gane dalilin haka sai an san yadda na'ura ke riƙe lokaci. Ita ba ta san Talata ko Laraba ba, ƙirga kawai ta iya. A wurin Excel, 1 ga Janairu 1900 ita ce rana ta 1, daga nan yake ƙara ɗaya kullum, shi ya sa 1 ga Janairu 2025 a cikinsa lamba ce, 45658. Kwamfutoci masu bin tsarin Unix, waɗanda mafi yawan intanet ke tafiya a kansu, daƙiƙoƙi suke ƙirgawa tun daga 1 ga Janairu 1970. Abin da muke gani a fuskar na'ura riga ce aka sa wa lambar. Saboda haka idan ka ce mata "gobe", dole ta san lambar yau, ta ƙara ɗaya. Ko dai ta yi lissafin sau ɗaya a lokacin da ka faɗa ta ajiye amsar, ko ta riƙa maimaita shi kullum. Na farkon goben ɗan halak ce, wadda take zuwa. Na biyun goben bangon Alhaji ce.

Masu ƙera manhajojin rumbun bayanai sun daɗe da lura cewa mutane ba da lambobi suke tunanin lokaci ba, sai suka koya wa manhajojin jin maganar yau da kullum. PostgreSQL, wanda asalinsa aikin bincike ne da aka fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986 ƙarƙashin Michael Stonebraker, yana karɓar kalmomin Turanci today da tomorrow da yesterday da now a gurbin kwanan wata, ya mayar da su ainihin rana nan take. Har ma yana da kalmar infinity, ranar da ta fi kowace rana nisa, wato dai sai baba ta gani. Littafin jagorarsa ya yi gargaɗi a kan wani tarko da yake kishiyar na yaron Alhaji: idan mai tsara jadawali ya sa kalmar now a matsayin abin da za a riƙa cike gurbi da shi kai tsaye, manhajar za ta fassara kalmar tun ranar da aka gina jadawalin, sai duk bayanin da ya shigo daga baya ya ɗauki waccan tsohuwar ranar. Can "yau" ta ƙi zama, nan "yanzu" ta ƙi tashi.

Manhajojin ofis da na waya sun ƙara sauƙaƙa abin. A kalandar Outlook kana iya rubuta "Talata mai zuwa" da Turanci a gurbin rana, ya mayar da ita kwanan wata. Todoist yana haska kalmar lokaci da launi tun kana cikin rubutu, don ka ga abin da ya fahimta. A Notion idan ka rubuta @tomorrow, yau zai nuna maka "gobe", in gari ya waye ya nuna "yau", washegari ya koma "jiya", domin a ƙarƙashin kalmar ya riga ya dasa ranar. Abin da ya burge ni a nan hali ne irin na amintaccen ɗan aike: ka faɗa masa saƙo da bakinka yadda ka saba magana, shi kuma ya maimaita maka da ƙididdiga kafin ya tashi, don in akwai kuskure a gyara tun kuna tare.

Mafi yawan manhajojin nan Turanci suke ji, kuma a wannan fagen Hausa ta fi Turanci kayan aiki. Bature yana da kalma guda ga jiya da yau da gobe, daga nan sai ya shiga haɗa jimla. Mu muna da shekaranjiya a baya, a gaba kuma jibi da gata da citta, kowace da mazauninta. Muna da bara da bana da baɗi. "Rana ita yau" na nufin kwana bakwai cif. Duk ɗan Hausa da ya koyi rubuta manhaja zai iya koya wa na'ura waɗannan cikin yini guda: jibi a ƙara biyu, gata uku, citta huɗu. Idan aka faɗi "jibi" ranar Alhamis 3 ga Afrilu 2025, Asabar 5 ga wata ake nufi, babu gardama.

Gardamar tana wani wuri. Yaushe ma goben take farawa? A wurin na'ura, da ƙarfe 12 na dare. A wurin Bahaushe, sai ya kwanta ya tashi. Mutumin da ke hira da ƙarfe 1 na dare ya ce "gobe da safe zan kama hanya" yana nufin nan da awa biyar, na'ura kuwa za ta tura tafiyar tasa kwana guda gaba, don a wurinta ranar ta riga ta juya. A lissafin addini kuma rana daga faɗuwar rana take shiga, shi ya sa daren Juma'a a bakin malam shi ne wanda ma'aikacin ofis zai kira daren Alhamis. Duk wanda ya taɓa zuwa walima bayan an watse da kwana ɗaya ya san wannan. Haka "Juma'a mai zuwa" idan aka faɗe ta ranar Laraba: wani zai ce ta jibi, wani ya ce a'a, da ita ake nufi da an ce jibi. Shi ya sa muke ƙara "ta sama" don a raba gardama.

Sai kuma nisan gari. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya, amma Kumasi tana bayan Kano da awa ɗaya, Makka tana gabanta da awa biyu. Alhajin da ya kira gida daga Makka da ƙarfe 12:30 na dare ya riga ya shiga ranar da iyalinsa ba su shiga ba. Manyan rumbunan bayanai da yawa suna ajiye lokaci da agogon duniya na bai ɗaya, wanda yake bayan namu da awa guda, don haka kuɗin da aka tura daga Kano da 12:30 na dare yana iya zama a rubuce da 11:30 na ranar da ta gabata. Kowa ya faɗi gaskiya, amma idan ba a rubuta da agogon ina aka yi magana ba, za a yi ta rantse-rantse a banza.

Akwai kalmomin da ma ba su da lamba sai an yi tambaya. "Bayan la'asar" tana sauyawa daga gari zuwa gari, daga damina zuwa hunturu. "Anjima" tana iya zama minti goma, tana iya kaiwa magariba. "Da kaka" sai amfani ya nuna. "Bayan Sallah" ta fi su duka, domin watan Musulunci kwana 29 ne ko 30, kuma a Najeriya sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata ake tsayar da ranar. Kalandar Hijira da ke cikin waya lissafi ne aka yi tun da wuri, tana iya dacewa da sanarwar, tana iya saɓawa da kwana ɗaya, kuma an sha yin Sallah a Nijar yau a yi a Najeriya gobe. Manhaja mai hankali idan ta ji irin waɗannan ba za ta yi gaban kanta ba, za ta tsaya ta tambaya, kamar yadda yaron ya tambayi mahaifinsa.

Karambanin na'ura ya jawo asara a wuraren da ba a zata ba. Masana ƙwayoyin halitta suna da wasu sunaye irin su SEPT2 da MARCH1. Idan aka rubuta su a Excel sai ya ɗauka ana nufin 2 ga Satumba da 1 ga Maris, ya sauya su ba tare da ya ce uffan ba. Wani bincike da aka buga a 2016 ya gano irin wannan kuskure a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da suka haɗo jerin sunayen a jadawalin Excel. A 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin halittar ɗan Adam suna ya sauya sunayen zuwa irin su SEPTIN2 da MARCHF1, don a zauna lafiya. Mu ma muna da namu a kusa. Idan aka rubuta 03/04/2025, a Najeriya 3 ga Afrilu ke nan, a Amurka 4 ga Maris. Kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka za ta karɓa ta yi shiru, kuma ba za a farga ba sai ranar ta haura 12 ga wata, lokacin da babu watan da zai ɗauke ta. Don kauce wa haka aka fitar da ƙa'idar ISO 8601 a 1988, wadda ke fara rubuta shekara, sai wata, sai rana: 2025-04-03. Mai rubutu da hannu kuwa, ya rubuta sunan watan da haruffa ya huta.

Kada a ɗauka na'ura ce kullum mai gaskiya. Wani lokacin ita ke tilasta mana ƙarya. Tsofaffinmu da yawa sun san lokacin haihuwarsu da abin da ya faru: shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, wato 1956, ko shekarar da aka kashe Sardauna, 1966, ko shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, 1973. Wannan sani ne na gaskiya, iyakarsa dai shekara. Amma gurbin kwamfuta ba ya rufuwa sai an ba shi rana da wata, sai ma'aikaci ya cusa 1 ga Janairu ya wuce. Shi ya sa za ka ga layi guda na dattawa duk ranar haihuwarsu ɗaya a katin shaida. Gobe wani ma'aikacin ya cusa wata ranar dabam a takardar banki, tsoho ya shiga zirga-zirgar gyara abin da bai taɓa faɗa ba. Tsofaffin takardun haihuwa na Nijar sun fi adalci a nan, domin suna rubuta da Faransanci cewa an haifi mutum wajen shekara kaza. Abin da aka sani an rubuta, wanda ba a sani ba an bar shi. Mai tsara rumbun bayanai da ya san mutanensa zai bar ƙofar da za a shigar da shekara kaɗai.

To, duk wannan ya dawo da ni kan bencin shagon Alhaji. Mu mutane ne masu son sassauci a magana, kuma akwai kunya da kara a cikin "sai anjima" da "in an kwana biyu". Ba na cewa a daina. Amma kakanninmu sun san inda sassauci yake ƙarewa. Maganar aure tana iya shekara ana "in Allah ya yarda", ranar da aka sa rana kuwa an gama wasa, aka kuma ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, ta yi umarni da a ambaci ajali kuma a rubuta. Abin da manhajar kirki take yi idan ta ji "gobe" shi ne abin da aka hore mu da shi tun da daɗewa: a bar baki ya faɗa yadda ya saba, amma kafin a rabu a ɗaure maganar da rana.

Yawancin ɓacin ran da ke tsakanin tela da mai ɗinki, ko makaniki da mai mota, ko mai bashi da wanda ake bi, daga goben da ba a ɗaure ba yake tasowa. Mai faɗa yana nufin in hali ya yi, mai ji ya tafi yana ƙirga awa. Wani kuma da gangan yake zaɓar goben bango, don ya san ba ranar da za a tsare shi a ce ta cika. Gobe ta Allah ce, gaskiya ne, shi ya sa muke cewa in sha Allahu. Amma in sha Allahun da ke biye da "Asabar, biyar ga wata, bayan azahar" alkawari ne, wanda kuma ba rana a bayansa sau da yawa sallama ce cikin ladabi.

Yaron ya gyara jadawalinsa. Alhaji bai goge rubutun bango ba, ya ce na baƙi ne. Sai dai yanzu duk wanda ya ce masa zai kawo kuɗi jibi, yakan ɗaga kai ya ce, "Wato Asabar ke nan?" In mutum ya amsa, ya juya ga ɗansa ya ce a rubuta, a kuma karanta wa mai bashin ya ji da kunnensa.

Mai karatu, akwai wanda ka ce wa "gobe" a makon nan. Kafin ka kwanta yau, kira shi ka gaya masa ranar da nawa ga wata.